Na Hangi Gajimare Na Zubar da Ruwan Randa

Sabon kaset yana da ƙanshi. Yaran yanzu in sun ji na faɗi haka sai su kalli juna, su ce tsufa ya fara taɓa Malam, amma duk wanda ya taɓa ɓare ledar TDK da haƙori ya san abin da nake nufi. Ƙanshin roba ne da na sabuwar takarda, da wani abu can ƙasa-ƙasa kamar na cikin sabuwar mota. Kana buɗe gidansa sai 'yar takardar nan mai layi-layi ta faɗo, da fararen manne guda biyu, ɗaya na gefen A ɗaya na gefen B. Sai ka gyara zama, ka gwada biro a tafin hannu don kada ya ba ka kunya, sannan ka rubuta sunan mawaƙi da irin rubutun da ko rajistar aji ba ta samu.

Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji na sayi rikodata ta farko, a 1975, ina sabon malamin firamare, lokacin ko 'yan jihar Kaduna ba a fara kiranmu ba, balle Katsina. Cikin abokan aikina wasu keke suka saya, wasu suka ƙara aure, wani kuma mai tsire ne kaɗai ya san inda nashi ya shiga. Ni kuwa mota na hau daga Dutsin-Ma zuwa Katsina, na dawo da National mai hannu rungume a ƙirji kamar jariri, ban yarda yaron mota ya ɗora ta bisa kaya ba. Mahaifina, Allah ya jiƙanshi, ya dube ta ya dube ni, ya ce, "To, ita wannan mi take ci?" Na ce batir. Ya ce, "Ashe baki ka ƙaro mana a gida."

Bai yi ƙarya ba. Manyan Tiger Head take haɗiya, kuma ba ta san ƙarshen wata ba. In sun fara sanyi za ka ji muryar Mamman Shata tana ja tana kauri, kamar wanda aka tada daga barcin rana, kalangu na biye da ita a gajiye. Sai a zare su a jera bisa katanga su sha rana, a samu ɗan abin da zai kai mu isha'i. Akwai masu cizonsu ma, wai ƙarfin ya taru wuri ɗaya. Ni ban ciza ba, amma na buga su da dutse, kuma ba zan rantse cewa bai yi aiki ba.

Kafin rikoda, abin da muka sani garmaho ne. Akwai wani attajiri a unguwarmu da yake fito da nashi ƙofar gida ran sallah, a shimfiɗa mashi darduma kamar baƙo. Mu yara mu yi da'ira, ana korarmu muna dawowa. Wanda ya yi sa'a shi za a ba ya murza hannun, kuma ranar ba ya cin abinci don murna. Allurorin suna cikin wani ɗan gwangwani, faifan kuma da hoton kare ya kafa kunne a bakin ƙaho. Mun daɗe muna gardama a kan ko karen ne ke waƙar. Faifai ba ya son rana, ba ya son faɗuwa, ba ya son hannun yaro. Da kaset ya zo sai waƙa ta sauko daga dardumar attajiri ta shiga aljihun kowa.

Abin da ya fi daɗi shi ne ɗauka daga rediyo. Ka kamo Kaduna, ka saka sabon kaset, ka ɗora yatsu biyu kan maɓallai biyu, ja da baƙi, kana jiran mai gabatarwa ya gama jero gaisuwar Zaɓi Sonka. Ga shi kuwa ba ya gajiya: wane na gaida wane, da wane, da dukkan mai fatan alheri. In ka yi gaggawa ka kwashi rabin gaisuwar, in ka yi nawa waƙar ta tafi ta bar ka da wutsiya. Wani lokaci rediyon daban rikodar daban, sai a kara su baki da baki, a kafa wa gida dokar ta-ɓaci, kada wanda ya yi tari. A daidai lokacin ne akuya ke tuna tana da magana. Ina da wani kaset na Ɗanƙwairo wanda zakaran maƙwabta ya yi cara a tsakiyarshi, na saurare shi shekara da shekaru har ya zama in na ji waƙar a wani wuri, in an zo gurbin ba cara, sai in ji kamar an tsallake baiti.

Kaset kuma yana ciwo, yana warkewa. In rikoda ta tauna zaren, sai ka jawo shi a hankali kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro, ka miƙar da inda ya tattare da bayan farce, ka zura biro a ramin ka yi ta juyawa. In ya tsinke, jan farcen uwargida ne magani, ɗigo ɗaya, a haɗa baki biyu a hura. Wurin zai bar tabo, waƙa ta ɗan yi tuntuɓe duk lokacin da aka iso nan, amma ta wuce. Wanda kake ji da shi kuwa sai ka karye 'yan haƙoran nan biyu na samanshi, don kada wani mai karambani ya ɗauki wa'azi ko kukan jaririnsa a kai. Wanda ya ari kaset ya maido ba a mayar da shi farko ba, mun san irin tarbiyyarshi.

Direbobin Fijo na hanyar Katsina su ne gidan rediyon talaka. Daga tashar Dutsin-Ma kafin a kai Kurfi an gama gefe ɗaya, kafin a shiga birni an juya. Akwai direban Shata, akwai na Ɗan Anace da kirarin 'yan dambe, akwai wanda ba ya jin kowa sai Haruna Uji da gurminshi, in fasinja ya yi ƙorafi ya ce ga ƙofa nan. Mata a kujerar baya su yi kamar ba su ji, amma in aka saka Barmani Choge za ka ga gyale yana ɗan motsi. Ranar Laraba kuwa, in kasuwa ta cika, mai sayar da kaset yana gefe da lasifikarshi a bisa teburi, sautinshi na gauraya da ƙanshin soyayyen kifin Zobe da ƙurar kara. Ka ce a saka maka ka ji, a saka, ka ji rabin waƙa, ka ce za ka dawo. Shi ma ya san ba yau ba.

Har wasiƙa mun yi da kaset. Wanda ɗan'uwanshi ke Makka ko Ikko, in ba mai rubutu, sai a tara gida a gaban rikoda. Tsofaffi su yi ta sallama suna jiran a amsa. A ce, "Inna, ki yi magana, yana ji." Ta ce, "To ai bai amsa ba."

A nan ne zan kawo kaset ɗin da ya sa na ɗauki biro yau. A 1984, shekarar da Buhari ya canza launin kuɗi, aka yi bikin ƙanwata a Kurfi, gidan kawunmu inda ta tashi. Da daddare mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka fara amada a cikin gida, inda ƙato irina ba shi da ikon leƙawa. Sai na sami wani yaro na ba shi kwabo 10, na danna maɓallan, na ce ya kai rikodar ya ajiye bayan turmi ya rufa mata tsumma. Minti 45 cur ta ɗauka. Akwai kiɗan ƙwarya, akwai guɗar gwaggonmu wadda ake ji har bakin kasuwa, akwai wata matashiya da ta ɓata amshi aka yi mata dariya, wadda bayan shekara biyu ta zama uwar 'ya'yana. Can wajen ƙarshe kuma sai ga muryar Inna, wadda kunyar 'yar fari ta mace ta hana ta shiga fili, kusa da rikodar sosai, tana cewa wa ya aje wannan abu a nan, a ɗauke kafin a zuba mashi ruwa. Wata ta ba ta amsa, ba a jin mi ta ce, sai Inna ta yi dariya. Shi ke nan. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba har ta koma ga Mahaliccinta. Faɗan nan da dariyar nan su ne abin da ta bari wanda kunne zai iya komawa gare shi.

A hankali kaset ya taru, ya cika kwali uku a ƙarƙashin gado, sama da 300. Ranar da aka ce Shata ya rasu, cikin Yunin 1999, aka kai shi Daura, ban je ko'ina ba, kwali na jawo. Na kwana ina juyawa daga A zuwa B, uwargida ba ta ce mani uffan ba, ta dai turo mani shayi.

Daga nan duniya ta fara sauri. Wayar salula ta shigo ƙasar a 2001, ta ɗan yi shekaru kafin ta zama ta kowa, sai ga 'yan Chana masu lasifika kamar ta masallaci, sai ga memori, ɗan abu kamar farcen yaro, wai shi zai ɗauke kwalina uku har da saura. Masu tura waƙa suka kafa laima a bakin tasha, kwamfuta ɗaya da tarin wayoyin caji, naira 20 waƙa ɗaya, in ka cika kati a yi maka ragi. Mai kaset na kasuwar Laraba ya koma sayar da murfin waya. Da jami'ar tarayya ta zo garin a 2011 sai shagunan kwamfuta suka yi yawa, a nan na sami wani yaro mai haƙuri da ya ce zai iya juye mani kaset zuwa laftof. Ba a yi wa abin gaggawa, kaset na minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinshi. Mun fi wata huɗu muna yi, ina kai mashi goma-goma a leda, ina zaune ina faɗa mashi sunan da zai rubuta. Na bikin nan na ce ya sa "Kurfi 1984 Inna".

To, ga inda na yi wauta, kuma ba na ɗora wa kowa. Da na ga komai ya shiga laftof, ya shiga waya, sai kwalayen suka fara yi mani kama da tarkace. Uwargida dama ta daɗe tana cewa gidan kyankyasai ne. Na ce yara su kwashe. Bayan kwana biyu na bi ta wata gona a bayan gari, na ga zaren kaset an ɗaɗɗaure shi daga kara zuwa kara yana walƙiya a rana, ana korar tsuntsaye da shi. Na tsaya na ce, ko Narambaɗa ne wannan, ko Ɗan Maraya. Har dariya na yi.

Wajen 2019 jikana, wanda ke karatu a Zariya, ya zo hutu ya ce, "Baba Tsoho, wayarka ta cika, kuma in ta faɗa ruwa shi ke nan. Bari in ɗora maka su a gajimare." Na ce gajimaren da iska ke korawa? Ya ce a'a, wasu manyan kwamfutoci ne na wani kamfani a ƙasashen Turawa, ko gobara aka yi kayanka na nan. Ya ce kuma abin yana daidaita kanshi, duk abin da ke laftof zai bayyana a waya, duk abin da ke waya zai bayyana a laftof. Na ji daɗin wannan magana. Ban tsaya na tambayi ɗaya gefen ba, wato in abu ya ɓace a nan, can fa? Ni na ɗauka rumbu ne, ka zuba ka rufe ka yaɓe. Ashe madubi ne, abin da ka yi a gabanshi shi zai yi, in ka ɗaga hannu ya ɗaga, in ka share ya share.

Alamun farko ma abin dariya ne. Waƙa ɗaya ta zama uku, mai lamba ɗaya a baka, mai lamba biyu a baka. Waƙoƙin Ɗanƙwairo aka liƙa masu hoton wasu Turawa huɗu masu gashi har kafaɗa. Sannan wata rana na saka waccan mai zakara, aka zo gurbin, shiru. Na mayar baya, shiru. Sauti ya fito tas, ba shuuu ɗin kaset, ba cara. Jikan ya bincika ya ce manhajar tana sauraren waƙa, in ta gane ta sai ta ce ai tana da irinta a wurinta, ba sai ta wahala ɗaukar tawa ba, ta ba ni tata. Ya ce, "Ai gyara maka aka yi, wannan ta fi fita." Na ce, ja'iri, wa ya ce masu zakaran datti ne? Haka aka yi wa wata ta Shata da na ɗauka daga Kaduna, wadda a farkonta ake jin mai gabatarwa yana karanta sunana cikin masu gaisuwa, sau ɗaya tak a rayuwata. Aka ba ni wankakkiya, ba ni a ciki.

Na Kurfi dai ba su da irinshi, don haka suka bar shi. Na ce to, Alhamdu lillahi.

Sai Satumbar 2021, lokacin da matsalar tsaro ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Kowa ya tuna yadda aka yi. Waya ta koma tocila da agogo. Mai son gaida ɗanshi sai ya hau mota zuwa Katsina ko Kankiya, ya tsaya bakin titi ya yi kira ya juyo. Aka koma aiken baki da 'yar takarda a hannun direba, har na ce wa abokan hira ga zamaninmu ya dawo. Da dare na farko na ce bari in saka kiɗa tunda ba labarai. Sunayen duk suna nan a jere, na taɓa ɗaya, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Na taɓa wani, haka. Ashe tun tuni, don a sama mani wuri, wayar ta kwashe ainihin waƙoƙin ta tura sama, ta bar mani sunaye kamar rajistar ajin da ɗalibai suka gudu. Na ce ba komai, suna can, in sabis ya dawo za su sauko.

A can Zariya kuwa, inda sabis bai yanke ba, laftof ɗin na hannun jikana yana aikin makaranta. Wuri ya ƙare mashi, ya ga jakar waƙoƙin tsoho ta cinye rabi, ya ce ai suna gajimare, suna kuma wayar Baba. Ya goge. Madubi ya ga an goge, ya goge. Akwai kwandon shara da ke riƙe abin da aka zubar har kwana 30 ko mutum zai yi nadama, kuma an ce an aiko da saƙon gargaɗi. Saƙon yana can yana neman hanyar shigowa Dutsin-Ma.

Cikin Disamba sabis ya dawo. Ina zaune a zaure bayan la'asar, hunturu ya fara busawa, sai wayoyin unguwa suka ɗauki ƙara lokaci guda, yara na ihu a titi kamar an ga watan sallah. Na buɗe wurin waƙoƙin da murmushina. Zoben ya juya sau biyu, sai na ga jerin yana gajarcewa. Daga ƙasa yake cinyewa, suna bayan suna, ba hayaniya. Na ga "Kurfi 1984 Inna" da idona, na kai yatsa, kafin in taɓa wurin ya zama fari.

Yaron ya zo da kanshi daga Zariya, ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Baba, ka yafe mani." Ran nan bai ce Tsoho ba. Na ce tashi, kai ka ba tsuntsaye kwali uku? Ya yi ta rubuta wa kamfanin, suna amsawa da ladabi, kwana 30 dai sun wuce. Don ya sanyaya mani rai ya ce ba ni kaɗai ba ne, wai wani dandali daban mai suna MySpace ya sanar a 2019 cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora mashi tsawon shekara 12 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya, ana maganar kusan miliyan 50. Na ce Allah sarki, ashe gidan makokin da jama'a. Yaron shagon da ya juye mani kuwa ya daɗe da barin gari, kwamfutarshi ma an ce an sayar.

Daga baya jikan ya je Farm Centre a Kano ya ciko mani memori guda: Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan Maraya, Garba Supa, Barmani, har da waɗanda ban taɓa mallaka ba. Ina saurare, kuma ina jin daɗinsu, kada in yi butulci. Ya saka su wuri uku, ya rubuta mani a takarda wanne ne ba ya bin wanne. Sai dai har yau in Ɗanƙwairo ya iso wancan gurbi, ni nake yin carar a zuci.

Bara da damina ɗakin ajiya ya yi yoyo, muna fitar da kaya sai ga tsohuwar National a bayan buhunan, ƙura ta rufe ta, gizo-gizo ya yi gida a hannunta. Na danna maɓallin buɗewa, ƙofar ta sauko a hankali yadda ta saba, da kaset a ciki. Takardar jikinshi ta goge, sai wani jan tabo na jan farce a gefe. Zai iya zama kowanne cikin 300, har da na lissafin kuɗin adashin malamai da na taɓa ɗauka don gudun gardama. Na saka batir, injin ya yi gunji, zaren bai motsa ba. Na kai wa mai gyaran rediyo na kasuwa, tsarana ne, gilashinshi ɗaure da zare. Ya buɗe ya ce robar da ke juya injin ce ta narke, irinta sai Kano, in ma an dace. Na ce ko mu gwada a wata rikodar? Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Malam, in ka samo mai ita a garin nan, ni ma ina da kaset biyu."

Na leƙa shi shekaranjiya. Ya ce wanda ya aika bai dawo ba, in zagayo Laraba mai zuwa.